Koren Ɗigon Auta

"Ina gajiya, amaryata? Wa ya rako ki har nan da wannan gwiwar?"

Kaka ta zauna a bencin shagon jikanta mai gyaran waya, ta ture tarkacen batura gefe, ta dangwarar da tata wayar. Tun da autanta ya kama aikin jirgin ruwa, abu ɗaya take dubawa: ɗan koren ɗigon da ke kunnuwa kusa da hotonsa in ya hau layi. Ba ta kiransa, wai kada ta dame shi. In ta ga ɗigon ta san yana raye, ya tashi lafiya, shi ke nan. To ɗigo ya ɓace, abinci ma ya daina yi mata daɗi.

"Mijin da ko sabulu ba ya saye, duba min. Fitilar Auta ta mutu."

"Ai dole. Kin zuba mata ido har ta ƙone. Ko ƙwan lantarki aka kalla haka fashewa zai yi."

"Ji min ɗan nema! Ranar da aka haife ka na leƙa zani, na ce a mayar, ba wannan muka yi oda ba."

"Aka ce da ke na yi kama, kika yi tsit."

Yana dariya yana latse-latse, sai ya tsaya. "Wa ya taɓa miki nan? Ai naki ɗigon aka ɓoye."

Kaka ta kau da kai tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. "'Yar maƙwabta na sa."

"Don me?"

"Ba kai ka ce shi ma yana ganin nawa ba? Haka kawai yaro ya ga uwarsa tun safe tana gadinsa kamar marar aikin yi? Ya ɗauka wani abu ya same ni, hankalinsa ya rabu biyu a tsakiyar ruwa?"

"Wayyo tsohuwa! Ai ƙa'idar masu manhajar ke nan. Kika ɓoye naki, sai su ɓoye miki na kowa. Leƙe kike so, amma kar a leƙo ki!"

"'Yan baƙin ciki. Wanda ya tsara wannan bai taɓa haihuwa ba."

"To zaɓi. Ko ya gan ki ki gan shi, ko kowa ya zauna a duhu."

Kaka ta dubi wayar. Kunya take ji, amma kewar yaron nan ta fi ƙarfin kunyar.

"Kunna," ta ce a hankali.

Ya kunna. Ɗigon Auta ya fito kore shar. Kafin ta gama sauke ajiyar zuciya wayar ta yi ƙara, saƙon Auta ya shigo, jikan ya karanta mata, wannan karon ba wasa a muryarsa:

"Inna, ina kika shiga? Kullum kafin in kama aiki sai na duba na ga kin tashi. Na kasa kira ne don ina tsoron abin da za a ce min."

Kaka ta share ido da bakin mayafi, dariya na kufce mata. Ta laluba jaka ta cilla masa alawa.

"Ka ci, mummuna. Yau na fasa kai ka ƙara wurin alƙali kan kuɗin sabulu. Danna min inda ake kira."