Daiman Ɗin Kubanni

Wani ne fa, ɗan acaɓa, ya je wanke babur a bakin rafin Kubanni. Sai ya hango wasu fararen duwatsu suna ƙyalli a cikin ruwa, sumul-sumul kamar ƙwan zabo. Ya ce, "Daiman! Ni da acaɓa kuma har abada."

Ya cika aljihu fal, sai Samaru, wurin wani ɗalibi Tosin mai karatun duwatsu.

Tosin ya ɗaga guda a rana, ya goga masa wuƙa, ko gezau. Ya ce, "Oga, ƙanƙarar dutse ce. Haka ake gane ta. Wuƙa ba ta cin ta, ita kuwa tana karce gilashi."

To gogan naku ya taɓa jin daiman na yanka gilashi. Ya fizge abinsa ya ce, "Yaro, baƙin ciki zai kashe ka!"

Yana isa gida ya fara gwaji. Madubin matarsa, ƙiii! Tagar maƙwabci, ƙiii! Wayarsa ma ba ta tsira ba. Surukinsa na gyangyaɗi a zaure, wallahi har tabaransa sai da ya sha karta.

Matar ta ɗora hannu a ka. "Malam, lafiya kuwa?"

"Ke dai fara zaɓen kalar mota."

Babur ɗin ma a take ya bai wa ƙanensa kyauta. Ya hau motar haya sai Sabon Gari, shagon Chiedozie mai sayar da gilashin mota. Wai masu gilashi su ne suka san darajar abin.

"Oga, za ka sayi daiman?"

"Wane daiman?"

"Au, musu za ka yi?"

Ga sabon gilashi dal a jingine, mai shi na tsaye yana jira a ɗaura masa. Mutuminku ya ja dutse tun daga wannan kusurwa har waccan. Ƙiiiii! Ya juyo yana washe baki. "To, yaya ka gani?"

Chiedozie ya kurma ihu ya shaƙe masa wuyan riga. Kan ka ce me, kasuwa ta taru.

"Ka kashe ni! Wane irin daiman? Tsakuwa ce! Tifa-tifa ake kwaso ta a rafi!"

Mutumin ya zaro ido, ya yi wuf ya toshe masa baki.

"Tifa-tifa? Haba Oga, rage murya mana! So kake mu raba da duk Sabon Gari?"