Kwalbar da Ta Yi Baƙi

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da aka tara malaman firamare a makarantar unguwarmu, Bukan Sidi, ana koya musu sha'anin tsaftar ruwa. Shekarar da wayar hannu ta shigo garin Lafiya ce. Ni ke sayar da kunu a ƙofar makarantar, kuma kowa ya san da ruwan rijiyata nake damawa, rijiyar da nake rantsuwa babu irinta daga nan har Doma.

Aka ba malamai ƙananan kwalabe, a ɗebo ruwan rijiyoyin unguwa, a toshe, a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu. Ɗan ƙanena Malam Audu ya jera guda shida a bayan murhuna, kowacce da takarda a jiki.

"Gwaggo, don Allah kada ki taɓa."

Rana ta biyu da hantsi na leƙa. Biyar na nan yadda aka ajiye su. Ta shidan ta yi baƙi ƙirin, alhali murfinta a toshe, ba wanda ya shiga madafin. Na sassauta murfin, wari ya bugo ni kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kajina ma suka ƙi shigowa.

Ban iya karatu ba, amma nan take na san mai ita: Maman Terna, maƙwabciyata 'yar Tibi. Rijiyarta na ƙarƙashin tsohuwar tsamiya, kuma na daɗe ina cewa akwai aljani mai kwana a ciki. (Ita ma tana sayar da kunu. Wannan ba shi da alaƙa da maganar.)

Na naɗe kwalbar a tsumma, ina ta addu'a, na bi gida-gida ina nuna wa mata. Kafin in kai makaranta, mutum goma na bayana, har da Maman Terna tana kuka.

Na faɗa ajin ba sallama, na dire ta a tebur.

"Ga abin da ake shayar da 'ya'yan mutane! A karanta sunan, kowa ya ji!"

Malamar da ke koyar da su ta ɗaga kwalbar. Audu ya sunkuyar da kai.

"Rijiyar Gwaggo Asabe mai kunu," in ji ta. "Mama, kin san ta?"

Malamai talatin, kowa da kofin kununa a gabansa. Ina ji ana ture kofuna a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Ashe ba aljani ba ne, salgar gidana ce ke tsiyaya cikin rijiyar. Har alli aka ɗauka aka zana ta a allo, ta zama darasin ranar.

Da yamma Maman Terna ta leƙo ta katanga. "Mama, ka zo ka ɗiba ruwa. Aljanin ya ce ba komai."

Wata huɗu ina jan guga a ƙarƙashin tsamiyar nan. Tun daga ranar, duk abin da ke da rubutu a jiki, sai an karanta mini a ɗaki, ƙofa a rufe, kafin in tara jama'a.