Kwantenar Gidan Tarihi

Shekara tara ina saro kaya a kasuwar Baima ta Guangzhou, don haka da na kai iyali gidan tarihin wani tsibiri, ni na shige gaba. Sai ga yadin siliki cikin gilashi. Na miƙa wa mai gadi kalkuleta, na tambayi kuɗin kwantena guda.

"Meiyou," ya ce, wato babu. Na ɗauka salon ciniki ne, na ƙara tayi.

'Yata Hafsa ta karanta allon bayanin da ke jikin gilashin. "Baba, masaƙin ya rasu tun kafin kakan kakanka."

Har yau uwarsu na tarbata da "Alhaji, kwantenar ta iso?" Su yi ta dariyarsu. Yadin nan da ya shiga kasuwar Kwari, da bai kwana ba.