Ɗan Farin Malam Nasani

"Ni fa ko a cikin ƙwai aka ɓoye jinina, sai na gane shi!"

Malam Nasani ke nan, mai shagon fotokwafi, mutumin da duk takardar da ta ratsa injinsa sai ya ɗauka shi ya rubuta ta. Ran nan malamar kimiyya ta makarantar bayan layi ta kawo hotunan tayi a kwafa wa ɗalibai: na kifi, na kaza, na kunkuru, na mutum.

"Ka ga yadda suke kama a farkon halitta?" in ji ta. "Da wannan masana ke kafa hujjar cewa asalinsu ɗaya."

"Haba Malama! Masanan nan ido ne ba su da shi. Ni daga tsallaken titi zan ware miki ɗan mutum."

To, matarsa na da ƙaramin ciki, na fari, kuma da safen ta ba shi hoton cikin da aka ɗauka a asibiti ya ƙara masa girma, don iyayenta za su zo. Injin Nasani kuwa, kai dai bari! Farar takarda ma in ka sa masa, kamar gindin tukunya take fitowa. Takardu suka cakuɗe. Gogan naka ya zaro ɗaya, ya ƙura mata ido har da ƙwalla.

"Ɗana!"

Ya sa a firam, ya rataye a falo. Surukai na zama, ya zare eriyar rediyo ya hau nuni.

"Baba, dubi goshin nan. Goshin ilimi. Nawa ne sak!"

"Maigida," in ji matar a hankali, "na asibitin fa ba haka yake ba."

"Gyara shi na yi. Aikin gwani ke nan."

Ƙanin matar, wani direba mai bakin tsiya, ya matso. "Yaya, wannan abin da ya lanƙwashe a baya fa?"

"Wutsiya ce. Duk manyan mutane da ita suke farawa. Ni tawa sai da na shiga firamare ta faɗi."

"Wannan tudun na gadon baya kuma?"

"Wurin ɗaukar nauyin al'umma."

Surukin ya gyara tabarau. "Anya, yaro, ka tabbata?"

Nan fa kan Sarkin Sani ya ɗau zafi. Ya bugi ƙirji har eriya ta karye. "Baba, in wannan ba jinina ba ne, ku ɗauki 'yarku ku tafi da ita yau!"

Bai rufe baki ba aka yi sallama. Malamar kimiyya ce, tana haki, hoton asibiti a hannu.

"Malam Nasani, ka kashe ni! Tun safe ɗalibaina ke zana ɗanka suna rubuta 'kunkuru' a ƙasa." Ta ɗaga kai, ta hango bango. "Lah! Ga kunkuruna can a firam!"

Direba ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki don dariya. Surukin ya miƙe ya ce wa 'yarsa ta ɗauko mayafi. Shi kuwa Nasani wuyansa ya dinga shigewa cikin riga, sannu a hankali, har sai idanu kawai suka rage a waje.

Malama ta miƙa hannu za ta cire hoton, sai surukar ta riƙe ta. Ta dubi bango, ta dubi mijin 'yarta, ta sake duban bango.

"Bar mana shi, 'yar nan. Wallahi mu dai mun ga kama."