Rasuwar Mai Haƙuri, Babur ɗin Malam Isyaku

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da sallamawa, iyalan Malam Isyaku na Zawaciki suke sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Mai Haƙuri, jan babur ɗin gidan, wanda ya cika a gefen kwalta bayan an wuce Wudil, ranar da Allah ya yi wa Inna Hansatu, mahaifiyar Malam, rasuwa a ƙauye.

Marigayin ya shigo gidan tun Malam yana aikin jima a wata masana'antar fata a Challawa. A lokacin tafiya wurin aiki ba nisa, kuma duk ƙarshen mako sukan kama hanyar Jigawa su biyu, da ƙullin sukari da sabulu a ɗaure a baya, su je gaida Inna. Duk wanda ya san shi a wannan hanyar ya san halinsa na gaskiya. Da zarar ya fita daga Mariri ya ga kwalta ta miƙe, sai muryarsa ta kwanta, ta koma wani gurnani mai laushi, huuum, ba tashi ba sauka, kamar mai bitar karatu a zuci. Man da zai sha zuwa ƙauye da dawowa bai taka kara ya karya ba. Malam yakan buɗe tanki a ƙofar gidan Inna ya leƙa, ya girgiza shi, ya ce, "Inna, wannan azumi yake yi." Ita kuma ta ce, "To kai ka zo ka ci tuwo, kada ka yi koyi da shi."

A cikin gari kuwa halinsa daban ne, kuma iyalan ba za su ɓoye ba don ya mutu. Da masana'antar ta rufe, Malam ya samu aiki a wani kamfanin roba a Bompai, sai ya zama kullum sai sun ratsa Kano daga wannan gefe zuwa wancan. A Sharada su tsaya bayan tirela, a danja su tsaya, a taka birki, a sake giya, a matsa taku kaɗan a sake tsayawa. Nan marigayin yakan yi ta ƙorafi, tuf-tuf-tuf, yana shan mai yana tsaye cik. Abin da ke kai su ƙauye ya dawo da su, gari yakan lashe shi kafin mako ya yi nisa. Da fetur ya yi tsada, zuwa gaida Inna ya fara ja da baya, daga duk mako ya koma sai an samu hali.

Daga nan rashin lafiyarsa ta samo asali. Malam ya kai shi wurin Idi bakanike, ya ce a matse masa kafireta, yadda abokan aikinsa suke yi, don ya rage sha a cunkoso, ko a samu rarar zuwa gida. Idi ya matse. Bayan kwana biyu Malam ya koma ya ce a ƙara.

"Baba, in na ƙara, sai dai ya riƙa shan iska," in ji Idi.

"Ita ma iskar sun sa mata kuɗi ne?" in ji Malam. "Ƙara."

A gari dabarar ta yi aiki. Muryar marigayin ta sirance, yana ɗan tari da safe, amma yana zuwa Bompai yana dawowa, domin tsaye-tsayen hanya na ba shi damar hucewa. Ba wanda ya yi tunanin abin da zai faru ranar da za a nemi gudu daga gare shi ba hutu.

Ranar ta zo da hantsi. Aka kira Malam yana bakin inji, aka ce Inna ta cika, za a jira shi zuwa azahar. Bai ko cire rigar aiki ba. Ya bi ta Dakata ya fita gari, ya murɗe totur har ƙarshe, abin da bai taɓa yi wa Mai Haƙuri ba. Injin da aka hana mai ya ɗauki zafi, ya yi ta ƙoƙari, ya haye gadar Wudil, sannan ya yi wata ƙara, ƙas, sau ɗaya, ya buga. Malam ya ce bayan wannan sai ƙarfen ya riƙa yin tik, tik, tik yana hucewa, shi kuma yana tsaye yana ta buga kiki. Da ya buɗe tanki, mai na nan fiye da rabi.

Wata motar hatsi ce ta ɗauke shi daga baya. Ya isa ƙauye ya tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta, da shebur a kafaɗa.

Marigayin ya rasu ya bar sabuwar taya ta baya, da madubi ɗaya, da igiyar roba mai ɗaure kaya, da wani lotsawa a kujera daidai zaman mai shi. Ya bar Saudat, matar gidan, wadda da jin tarinsa daga bakin layi take sauke tukunya. Ya bar Malam Isyaku, wanda tun da aka dawo da gawar a a-kori-kura bai yarda an taɓa ta ba. Tana zaure a lulluɓe da tsohon zane. Idi ya zo ta'aziyya har sau biyu, ya durƙusa, ya kasa haɗa ido da kowa, duk da Malam ya ce masa, "Tashi, ɗana, ni na ce ka ƙara."

Bayan roƙo daga 'yan uwa, Malam ya amince. Za a fitar da marigayin ranar Asabar da safe zuwa Ƙofar Ruwa, inda masu kayan gyara za su raba abin da ya rage. Ana karɓar gaisuwa a gida bayan la'asar.

Iyalan na roƙon alfarma ɗaya. Duk mai zuwa a babur, don Allah ya kashe shi tun daga bakin titi, ya turo shi da hannu. Idan Malam ya ji inji yana aiki a ƙofar gida, tashi yake yi ya nemi takalmansa, yana cewa a taimaka a miƙa shi ƙauye, ba a riga an sallaci Inna ba.