Yadda Injiniya Hudu Ya Tsara Mana Laburare

Allah ya yi wa Gumel baiwar masana, amma irin Malam Hudu sai an tona. Mako guda ya yi a Kano yana koyon kwamfuta, ya dawo da tabarau da sunan Injiniya. A bayan idonsa kuwa Na-Danna muke ce masa, don ko tuwo zai ci sai ya fara danna shi da yatsa ɗaya kamar mai jiran amsa.

Ƙungiyarmu ta masu karatu tana da ɗaki guda cike da littattafai. A 1997 wani ɗan kasuwar Maigatari ya ba mu kyautar tsohuwar kwamfuta da ya samo a Damagaram. Injiniya, wanda shi ne shugabanmu, ya tara mu ya yi jawabi.

"Jama'a, zamanin takarda ya shuɗe. A ƙasashen da suka ci gaba, laburare sukutum a faifai yake, ya shige aljihun riga. Abin da ya rage mana shi ne zaɓen manhajar da za ta tsara littattafanmu."

Babu wanda ya san manhaja a cikinmu, saboda haka duk muka gyaɗa kai. Ya ce kwamfuta ba ta son cunkoso, sai aka ɗura littattafan a buhuna aka kai wani ɗakin ƙasa a bayan gidansa. Mu muka ɗauka da kanmu, har da rige-rige.

Manhajar farko da Faransanci take magana, Injiniya ya ce ba ta da ladabi. Ta biyu ta ƙi buɗewa, ya ce ƙarfin na'urar ta fi, ba nasa ba. Ta uku sai an kawo daga Kano. Muka kafa kwamiti, kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti, muka rabu gida biyu muna musu a kan abin da ba mu taɓa gani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Malama Justina, mai koyar da Turanci a sakandare, ta yi ta sintiri tana roƙon littattafan da ɗalibanta za su yi jarrabawa da su. Injiniya ya tuna mata cewa sauri ya haifi nawa. Damina ta zo ta wuce.

Da aka tsayar da zaɓi, muka ɗunguma ɗauko littattafan don a shigar da sunayensu. Ashe gara ta riga mu. Buhun da ka ɗaga sai ƙasa ta zubo. Malama Justina ta tsinci bangon wani ƙamus, ta zauna a bakin ƙofa.

Injiniya ya yi gyaran murya ya ce, "Alhamdu lillahi, aikin shigarwa ya ragu."

Ya koma ya danna, kwamfuta ta nuna laburare tsaf, babu littafin da ya bar gurbinsa, tunda ko ɗaya ba a shigar ba. A ƙarshen shekara muka sake zaɓensa shugaba ba hamayya, domin shi kaɗai ya san yadda ake kashe na'urar.