Ranar Da Na Sa Wa Laimar Roka Ƙaro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na harba rokata a gonar Baba da ke Simsim ba, kuma ko na so in manta mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Gadarif, a gabashin Sudan, kuma tun ina yaro nake fama da cutar kallon sama. In an tafi da mu gona lokacin yankan riɗi, 'yan uwana na can suna tara dami, ni kuwa ina kwance rigingine a inuwar tarakta ina bin shaho da ido har ya zama ɗigo ya ɓace. Ƙasarmu a shimfiɗe take, duk inda ka juya sama ta fi ƙasa yawa. Kakanmu ya taso daga yamma a ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a nan, zangon ya zama gida. Wani lokaci nakan ji kamar ragowar tafiyar tasa ce ta zauna mini a ƙirji, sai dai tawa ba gabas ta nufa ba.

Da na girma sai na ji labarin wata ƙungiya a Hartum ta masu sha'awar gina manyan rokoki na wasa, irin waɗanda ba sa ɗauke da komai sai burin mai su. Suna ba da shahada, wato takardar shaidar ƙwarewa, ga wanda ya ci jarrabawarsu, kuma da shahadar nan ne kaɗai hukuma za ta bar ni in riƙa harbawa tare da ɗalibaina. Sharaɗin ba shi da yawa. Ka gina rokar da hannunka, ta tashi a gaban mai jarrabawa, laimarta ta buɗe a sama, ta sauko lafiya lau yadda za a iya sake harba ta. Tashi kaɗai ba ya ba da shahada. Injin ma ba a sayar wa irina, mai jarrabawa ne ke zuwa da shi, guda ɗaya tak, kuma sau ɗaya yake leƙo yankinmu a shekara, bayan an kwashe amfanin gona.

Na ƙwallafa rai a kan shahadar nan fiye da yadda ya kamaci magidanci. Na mayar da ɗakin ajiyar buhuna wurin aiki, kullum in na taso daga makaranta can nake ƙarewa, ina goge fika-fikan katako, ina aune-aune, ina magana ni kaɗai. Rokar ta fi ni tsawo (ba wani abin alfahari ba ne, ni gajere ne). Maƙwabta suka sa mata suna bututun Ustaz, don da Ustaz suke kira na. Baba kuwa bai taɓa cewa uffan a kanta ba, in ya zo wucewa sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake ta kamar yadda ake tsallake akuya a zaure, ya wuce masallaci. Laimar, wani tela a kasuwa ya ɗinka mini ita da yadi mara nauyi ruwan lemo. Na sha hawa tankin ruwan makaranta in ɗaura mata ƙullin yashi in sako ta, kowane lokaci tana buɗewa a hankali, ta yi lilo, ta sauka. Yawan gwajin nan ya sa ta yamutse ta yi duƙun-duƙun da ƙasa.

To a nan ne fa al'adar gidanmu ta shigo. Mu a gidanmu ba a tarar babban baƙo da tufa mara ƙaro. Tun muna yara Inna ke jiƙa ƙaro a tasa, ta tsoma jallabiyoyinmu, a goge su da dutsen guga har sai sun kusa tsayawa da kansu. Wanda duk ya fita da riga a yamutse, a wurin Baba ya zubar da mutuncin zuri'a. Ana gobe jarrabawa, bayan la'asar, na zauna na yi wa jallabiyata da rawanina hidima. Na gama ke nan sai idona ya faɗa kan laimar a rataye jikin ƙusa, sannan ya faɗa kan ragowar ruwan ƙaro a tasa.

Wallahi kunya ce ta kama ni. Mutum zai taso tun daga Hartum, in nuna masa wannan tsumman? Na rufe ido na hango ta a sama, sumul, ba ko layi ɗaya, rana na ratsa ta, tana saukowa a kan baƙar ƙasa kowa ya saki baki. Ban san lokacin da na wanke ta na tsoma ta a tasar ba. Da na ga ruwan ba shi da kauri har ƙarin ƙaro na yi. Ta sha iska kaɗan, da sauran danshinta na fara ninkewa, kowane ninki in shimfiɗa ƙyalle a kai in danne da dutsen guga. Na yayyafa mata turaren sandaliyya, na tura ta ƙarƙashin katifa don ta kwanta sosai. Matata Maryama ta zo wucewa ta ce ko hular angoncina ba ta samu wannan gata ba. (Ku tuna fa, ni ne mai koya wa 'ya'yan mutane yadda iska ke aiki.)

Mutum kaɗan na gaya wa, amma da muka isa gonar da hantsi sai na tarar da lori guda na 'yan unguwa, ga abokan aikina, ga shugaban makarantarmu da kansa. Mata sun kafa murhu a rakuba, rumfar karan nan, suna dafa gahawar da muke kira jabana, an sauko wa Baba da gadon igiya ya zauna yana jan carbi. Gonar fayau take, an yanke komai, ƙasa ta bushe ta tsattsage. Mai jarrabawar, Bashmuhandis Usama, wato babban injiniya, dogo ne mara yawan magana. Ya bi rokar daga hanci zuwa gindi, ya girgiza fika-fikan, ya duba igiyoyi, ya gyaɗa kai. Laimar na riga na naɗe ta a ƙyallen da ke kare ta daga wuta, gefenta kawai ya leƙa. Ya tambaye ni ko na gwada ta, na ce sau da yawa (ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya duka ba, don a raina ƙaro ado ne, ba abin da za a gaya wa injiniya ba). Ya ce bai taɓa ganin ninki mai tsafta haka ba. Sai na ji kaina ya ƙara girma a cikin rawani.

Ya ɗora injin, muka zura ta a dogon ƙarfen da zai saita ta, ya kori kowa baya can nesa. Ya ƙirga da Larabci, na danna maɓallin harbawa.

Har yau in na rufe ido ina jin rurin nan a ƙashin ƙirjina. Ta miƙe ɗoɗar, farin hayaƙi na bin ta, ba ta karkata ko kaɗan ba. Sai rurin ya ɗauke, ta ci gaba da hawa ita kaɗai cikin shiru, tana ƙanƙancewa. Mata suka rangaɗa guɗa amma can nesa nake jin su. Na manta da shahada, na manta da mutane, ji nake kamar ni ne a can, ina kallon gonaki sun zama tabarmi, ina hango hanyar Gallabat ta zama zare. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba, har ƙwalla ta cika mini ido.

Can ƙololuwa wani ɗan hayaƙi ya yi fuf, kan rokar ya rabu da jikinta yadda aka tsara, wani abu ruwan lemo ya fito. Na buɗe hannuwa ina jira. Abin nan bai buɗe ba. Juyi kawai yake yi a iska, yana walƙiya, yana bin rokar a baya. Na ce a raina yanzu za ta buɗe, iska ce ba ta shige ta ba tukuna. Guɗar ta tsaya. Muka ji wani fito yana ƙaruwa, sannan ƙura ta tashi a tsakiyar gona.

Tafiyar da muka yi zuwa wurin ita ce mafi tsawo a rayuwata, ga jallabiyata sai ƙaras-ƙaras take yi da kowane taku. Jikin rokar ya lotse ya koma rabi, fika-fikan sun watse. Laimar kuwa tana kwance a gefe lafiyarta ƙalau, ko ninki ɗaya bai motsa ba. Bashmuhandis ya ɗauke ta, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da yatsa ta yi ƙara irin ta allo. Ya sa farce zai ɓamɓare ninkin farko ya kasa. Sai ya kai ta hanci ya shinshina.

"Da shinu, ya Ustaz?" ya ce. "Mene ne wannan?"

Ya dube ni daga rawani har ƙasa, ya miƙo hannu ya murza bakin hannun rigata, ta amsa masa da irin ƙarar da laimar ta yi. Sai ya cije leɓensa. Shugaban makarantarmu ya juya baya wai yana duba gona, kafaɗunsa na rawa. Na yi addu'a ɗaya daga cikin tsagogin ƙasar nan ta ƙara faɗi in shige.

Ana haka Baba ya iso yana dogara sanda. Ya karɓi laimar, ya gwada lanƙwasa ta, ya shafa gefenta da babban yatsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗago ya ce, a gaban kowa, da iyakar gaskiyarsa, "Ma sha Allah, yaro, hannunka ya faɗa. Ko uwarka ba ta kai ka iya ƙaro ba."

Shi ke nan aka fashe. Har Bashmuhandis sai da ya durƙusa ya riƙe ciki. Yabo na farko ke nan da Baba ya taɓa yi mini a kan rokar nan, kuma na tabbata har zuciyarsa ya yi shi. Da dariyar ta lafa, Bashmuhandis ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya Ustaz. Tashin tamam ne, ban ga aibinsa ba. Shahada kuma sai baɗi in Allah ya kai mu."

Allah ya kai mu baɗin, amma Bashmuhandis bai zo ba. Kafin wata kakar yaƙi ya ɓarke, hanyar Hartum ta rufe, makarantarmu ta cika da 'yan gudun hijira, kuma duk abin da ya yi ruri a sama yanzu ba mai fitowa kallonsa. Na daɗe ban ji ɗuriyarsa ba, ina dai yi masa addu'a. Ashe damar nan guda ɗaya ce aka ba ni, na goge ta da dutsen guga na fesa mata turare.

Na sake gina wata rokar, tela ya sake ɗinka mini laima. Tana nan a cikin buhu, a yamutse, duk ƙasa, kuma na gargaɗi kowa a gidan cewa wanda ya kusanto ta da sabulu ni da shi ne. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma na saye shi da tsada: duk abin da za ka aika sama, ka fara tambayar kanka yadda zai sauko, maganar yadda baƙo zai gan shi ta jira tukuna.